Kukan Kyamarar Bitrus

Kakarmu Iya Dije, Allah Ya jiƙanta, ba ta yarda da abin da ke kuka ba shi da baki ba. Bayan sallar isha'i mukan zagaye murhunta a gidanmu na Kontagora, tana juya doyar Mashegu a garwashi, muna jiran tatsuniya.

Wata shekara Kawu Sale, ɗanta da ke aiki a Ikko, ya aiko yana son hotonta, don ya daɗe bai ga fuskarta ba. Bitrus mai hoto ya iso da magariba. Walƙiyar farko ta kyamararsa ta firgita ta, ta kare fuska da mayafi.

"Iya, a ɗan jira wutar ta sake cika," in ji Bitrus. Kyamarar ta kama wani siririn kuka irin na sauro, yana ta hawa.

"Ta cika da me, ɗan nan? Ban ga ka zuba mata komai ba."

"Batir ne ya yi sanyi, Iya."

"To, ta je ta sha a gidanku."

Ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai da ya tafi.

Da muka taru sai ta ce, "Ga wata tatsuniya nan, ku matso." Wani baƙo ne ya sauka a wani gari da gora mai fito. Yakan zauna kusa da mutum ya ce a ɗan jira. Ashe gorar nan inuwar mutane take sha, da sauri tun farko, sannan a hankali in ta kusa cika, don kada a farga. Wata tsohuwa ce kaɗai ta lura tata ta fara gajarta. Ba ta yi faɗa ba, ta naɗe tabarmarta ta tashi. Ita kaɗai ta tsira da inuwa a garin.

Da na girma na koyi gyaran rediyo, na taɓa buɗe irin kyamarar. Akwai wani ɗan abu a ciki, kafasita, mai tara wuta daga batir kafin ya sake ta gaba ɗaya. In batir ya yi sanyi, jiran yakan yi tsawo. Kuma da sauri yake sha tun farko, sannan a hankali. Har yau ina mamakin yadda Iya ta ji wannan da kunne. Inda yake sha ne kawai ta kuskure: daga batir ne, ba daga inuwa ba.

Kawu bai samu zuwa ba sai bayan an kai ta makwancinta. Muka miƙa masa hoton: mayafi, da yatsu masu lalle. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Hannunta ne." Ya sa a aljihun gaba.