Gwaggo Midi da Mataccen Agogonta

Kullum da safe, kafin a buɗe sashen wankin ƙoda na asibiti, Gwaggo ta riga ta goge baranda tas. Sai ta shanya tsummanta, ta zaro wani mataccen agogon bango daga jakarta, ta zauna cikin masu jinya tana juya hannunsa da yatsa.

"Nan fa?"

"Midi!" in ji su baki ɗaya, wato sha biyun rana. Daga nan sunan ya bi ta.

A asibitin nan da Faransanci ake faɗin lokaci, kuma ƙirgen ba ya tsayawa a sha biyu, sai ya zarce. Wannan ne ya kusa raba wata tsohuwa da mijinta. An ce ta kawo shi "kenz er", wani ya fassara mata da ƙarfe sha biyar. Ta duba agogon ɗakinta, babu sha biyar, sai ta ɗauka biyar ake nufi. Ta iso an ɗora wani a kan na'ura. Aka gargaɗe ta: ta sake makara, a ba wani gurbinsa.

"Yaya, agogona a sha biyu ya ƙare," ta ce wa Gwaggo tana kuka. "Ina zan samo sha biyar?"

"Share hawayenki. Cire sha biyu, me ya rage?"

"Uku."

"To, ƙarfe uku ke nan. Faransanci ai ba aljani ba ne."

Shugaban masu shara bai so wannan aji ba. "Tsumma aka ɗauke ki riƙewa, ba alli ba," ya ce.

"Ranka ya daɗe, ka ga datti a barandar?" Gwaggo ta tambaye shi. "Lokacin hutuna nawa ne. Ka hana ni benci, amma bakina ba na asibiti ba ne."

Ya mayar da ita hawa na sama don ta gaji. Ta riƙa saukowa da ciwon gwiwarta, ranta a ɓace, ajinta a cike.

Gwaggo, murucin kan dutse! Ke ce kika ƙi yarda mutum ya mutu don bai iya yaren wani ba.

Ranar da aka sake ba su ƙarfe uku, tsohuwar nan ta turo mijinta a keken marasa lafiya tun da sauran rabin awa, ta dubi mai rajista ido cikin ido.

"Katorz er e demi, biyu da rabi ke nan. Mun zo. Ina gadonmu?"

Jiya Gwaggo ta ajiye aiki. Mijin tsohuwar nan na cikin waɗanda suka raka ta bakin ƙofa, da ransa, yana sa mata albarka. Mun gode, Gwaggo, Allah ya saka da alheri. Ku kuma da kuka san abin da zai ceci wani, ku koyar da shi yau, kada ku tsaya jiran izini.