Sunan da ban taɓa kira ba

Jiya da la'asar na dawo daga ta'aziyya a Amarawa, na tarar da babbar ɗiyata tana aikin makaranta. Malamin Hausa ya ce su fito da jigon wani littafin labari. Ni kuwa ba abin da ake karantawa a gidana ban duba ba, littafin ma na riga na karanta shi, sai na karɓi takardar da take rubutu a kai.

Ta rubuta: "Jigon shi ne ƙiyayyar uwa. Har littafin ya ƙare ba ta kira sunan ɗanta ba, kullum sai 'kai yaro'."

Na ce, "Ke, wane irin karatu ne wannan? Ɗan fari ne fa, kunya ce. Kwanon tuwon da take rufe mishi kullum, ko ba ya gari, mi kinka ɗauke shi?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ni ma ba ki taɓa kiran sunana ba. Shi ya sa na ɗauka na gane labarin."

Shekara goma sha shida ina ce mata "ke", yadda uwata ta yi mini, ashe ita ƙiyayya take gani.

Na zauna kusa da ita, muka sake karanta shafin kwanon tare. Sunan dai ya ƙi fita daga bakina, amma na faɗa mata dalili.

Iyaye mata, kun taɓa yi wa 'ya'yanku na fari bayani, ko kun bar su suna fassara ku su kaɗai?