Lokacin da Maganin Hantar Yayana Ya Daina Ci

Yayana masunci ne a dam ɗin Goronyo, mutum mai sanyin hali, ban taɓa ganin ya ɗaga wa ko akuya sanda ba. Da gefen cikinsa ya fara kumbura yana ramewa, na kai shi asibiti a Sakkwato. Likita ya ce dajin hanta ne, kuma ya wuce a yi aiki. Ya rubuta masa wata ƙwaya, ya ce hanyoyin jinin da ke ciyar da ƙarin da ya fito masa a hantar za ta bi ta toshe.

Ta yi aiki kuwa. Tafin hannunsa ya yi ta saɓulewa, ƙafafunsa suka yi bororo, amma kumburin ya sauka, har ya koma ɗinkin raga a ƙofar gida. Bayan wata shida sai ta daina ci. Yana sha safe da yamma, ciki na ƙara tasowa kamar tulu.

Wata rana da hantsi ina ban ruwan albasa a fadamar Kagara, matarsa ta zo a guje, ko mayafi babu.

"Taho maza, yayanka za shi kashe mu!"

Na tarar ya farfasa randuna, tsakar gida ta zama caɓi. Yana tsaye da filafilin tuƙa jirginsa a hannu, gaban rigarsa duk jinin da ya amayar, idanunsa da suka zama ruwan ɗorawa sun yi jawur.

"Yaya, mi na na? Ni na hwa, ƙanenka."

"Kai wa? Ku kunka ba ni guba!"

Kafin in kauce ya sauke mini filafilin a goshi. Na ji ƙas, jini ya rufe mini ido. Na rungume shi muka faɗi cikin fasassun randuna, ya kafa mini haƙori a kafaɗa bai saki ba sai da ya cire fata. Ni kuma na kwaɗa masa mari, na sake, na sake. Da na danne shi ne na ji ƙasusuwa kawai a ƙarƙashina. Marin nan har yau yana damuna. Maƙwabta suka shigo, muka ɗaure shi da igiyar ragarsa, muka sa shi a mota. Har muka wuce Wurno yana shure-shure yana zagina.

A asibiti ana ɗinke mini goshi likitan ya zo ya tsaya kaina. Ya ce ba hauka ba ne, ba kuma iska ba. Hantar ce ta kasa tace dafin jiki, ya hau masa kai. Da aka yi hoto ya kira ni ya nuna mini.

"Ƙarin ya saba da maganin. Mun toshe masa hanya ɗaya, ya huda wata."

"To, likita, mi ya rage?"

"Mu wanke dafin, mu tsayar da jinin. In hantar ta ɗan farfaɗo, akwai wata ƙwayar da ke tare sabuwar hanyar. Ba warkewa na yi maka alkawari ba, lokaci za mu nema masa."

Bayan kwana uku ya dawo hayyacinsa. Ya dubi bandejin kaina ya ce wa ya yi mini haka. Na ce faɗuwa na yi da babur. Matarsa ta ce, "A'a, kai na." Ya juya fuskarsa ga bango, ya daɗe yana kuka, ni kuma na kasa gaya masa nawa laifin.

Sabuwar ƙwayar ta riƙe shi. Ta sa shi zawo, muryarsa ta dushe, amma ya koma gida da ƙafarsa, ya yi mana tsaron rudun da muke ajiye albasa yana zaune a inuwa. Bayan an kwashe albasar ita ma ta fara gazawa. Ya ce kada a sake kai shi Sakkwato. Ya rasu wata Laraba bayan la'asar, yana cikin hankalinsa, ya kira kowa da sunansa.