Konjen Malam Idi

"Baba, wai kullum sai sabuwar doka. Ni da nake ciyar da su?"

Ɗana ne jiya yake mita kan ma'aikatan gidan burodinsa. Na ce masa ya zauna, don na taɓa jin wannan maganar a bakin kakansa.

Gab da samun ƴancin kai, ina saurayi a majemar mahaifina a Zinder, Nasara suka kawo dokar ƙwadago: ma'aikaci zai tafi konje, wato hutun shekara, kuma a biya shi. Malam Idi, mutumin Tirmini da ya daɗe yana jeme mana fata, ya durƙusa ya nemi nasa, zai je ya taya tsohonsa girbin gero.

Mahaifina ya fusata. "Idi, ni na yi maka aure. Rigar Sallarka ni ne. Yau doka za ka nuna mini?"

Idi bai ɗaga kai ba. "Maigida, ban manta ba. Amma rigar sai ran da kake jin daɗina. Hutun nan kuwa, ko kana fushi da ni, nawa ne."

Washegari mahaifina ya ba shi konjensa, har da guzuri.

Na ce wa ɗana: ka ci gaba da ciyar da su, amma konjensu za ka ba su, ina raye ina gani.

Masu ɗaukar ma'aikata, ku faɗa mini: naku ma'aikatan haƙƙinsu suke karɓa, ko sai kun tashi da fara'a?