Tawul ɗin da Zoraida ta dafa

Ina gasa tortiya, wainar masara irin tamu, ranar Laraba da hantsi, mijina ya shigo da hularsa a hannu. "Zoraida ta rasu," in ji shi. Ina kallon wainar kan kasko tana ƙonewa, na kasa juya ta.

Shekara ashirin da shida Zoraida Maradiaga tana shara da goge-goge a ƙaramin asibitin ƙauyenmu. Ba ta yi karatun jinya ba, amma duk sabon likitan da aka turo mana, sai ta fara duba faratansa kafin ya taɓa kowa. Ita ta riƙe 'yata Nelsi ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna komadre.

Sau ɗaya muka taɓa ɓatawa. Da Nelsi ta haihu lafiya, na cika alkawarin da na ɗaukar wa Budurwa Maryamu: wata biyu ina ɗinka surarta da zare a jikin farin tawul. Fada, limamin cocinmu, ya sa masa albarka, aka rataye shi a wurin wanke hannu na asibitin. Likita ya goge hannu da shi, mai tari ya sumbace shi, mai gyambo ya shafa a ƙafa. Ba mai wanke shi, kada albarkar ta bi ruwa.

Cikin wata uku, ɗinkin masu jego huɗu ya yi mugunya. Likita yana ta canja magani. Zoraida kuwa ta sauke tawul ɗin ta cusa a tukunyar dafa almakashi. Shuɗin zaren mayafin Budurwa ya zube har haɓarta, ta fito da gemu.

"Komadre, kin kashe ni!" na ce.

"Ki dai gode ba ki kashe kowa ba. Uwar Yesu ma ai tana wanka."

Wata bakwai ban gaishe ta ba. Mugunya ta ɗauke, kowa ya gani, ni ma na gani. Muka shirya, amma bakina ya ƙi cewa ta yi daidai. Shekara tara, duk sanda za mu rabu sai ta ce, "Ba ki manta wata magana ba?" Ni kuma in ce, "A gaida gida."

Ranar Lahadi, kwana uku kafin rasuwarta, tana kwance ba lafiya, na kai mata romon kaza. Ta rame sosai, cokali ma ni na riƙe mata. Na miƙe zan tafi, na jira tambayar, ba ta yi ba. Sai na gane lokaci ya ƙure. Na koma na zauna.

"Komadre, maganar tawul ɗin nan. Ke ce da gaskiya."

Ta buɗe ido ɗaya. "Me kika ce? Kunnen nan ba ya ji."

"Ƙarya kike, tsohuwar banza, kin ji."

"Na ji. Daɗi ya yi min. Maimaita."

"Ke ce da gaskiya."

"To tashi ki tafi, kada ki zubar min da majina a zanen gado. Jiya aka wanke shi."