Kwanon Zahra

Duk wanda ya zauna a Dutse Uku ya san Iya Ummusalma mai masa, kuma ya san ba ta yarda da kowa. A Naraguta aka haife ta, lokacin da mahaifinta ke aikin haƙar kuza, ta tashi tana ganin tafkunan da masu haƙa suka bari, ruwa ya kwanta luf kamar bai kai gwiwa ba alhali yana cin mutane. Wataƙila a nan ta samo halin. In ta yanke farce sai ta binne, in ta taje kai sai ta ƙona gashin da ya zuba, in kuwa maƙwabciya ta aiko mata da abinci, kazarta ce ke fara ɗanɗanawa. Kazar ba ta taɓa ko gyangyaɗi ba, amma wannan bai sa Iya ta sake shawara ba.

'Ya ɗaya Allah ya bar mata, Binta. Binta ta auri direban babbar mota, ya yi doguwar jinya ya rasu, bayan shekara ita ma ta fara zubewa. Ta rame har zobe ya daina zama a yatsanta, ta cika a shekarar 2001, ta bar 'yar shekara biyu, Fatimatuzzahra, wadda kowa ke kira Zahra. Ba a yi wa Binta gwaji ba, amma a Jos ta wancan lokacin ba a jiran likita. Da zarar mutum ya rame an gama magana, ƙanjamau ne. Ranar zaman makoki Iya ta ji da kunnenta Maimunatu ta gidan kusa tana cewa ƙasa-ƙasa, "A dai zuba wa 'yar ido. Ranar da ta fara ramewa, an sani." Iya ta goya jikarta ta shige ɗaki, ta dama mata kunu da madara.

Daga ranar ta shiga kiwo. Masa shida da sukari da safe, kunun gyaɗa a kai, lemon kwalba in an taso makaranta, soyayyen dankali da la'asar, sannan tuwo cike da wani kwanon sha mai murfi da Binta ta bari. Ba a tashi sai an ga gindin kwanon. Makaranta ba ta da nisa, amma a acaɓa Zahra ke zuwa, don kada tafiya ta cinye abin da aka tara. Iya ba ta taɓa kai yarinyar gwaji ba, tsoron amsar take ji. Gwajinta shi ne ta kama damtsen Zahra kowace safiya ta matsa, in ta ji ya cika mata hannu sai ta fita wajen tanda da ƙarfin zuciya.

Zuwa daminar 2008 Zahra tana shekara tara, kayan 'yan mata ake ɗinka mata. Tana minshari, gwiwoyinta na ciwo, in ta hau 'yar gangarar layinsu sai ta tsaya a tsakiya tana haki. Wani baƙi kuma ya zagaye mata wuya, Iya ta ɗauka dauɗa ce, ta yi ta dirza da soso da sabulun salo har fatar ta yi ja, baƙin yana nan.

Ciwon gwiwar ne ya kai su asibitin unguwa, inda suka haɗu da Sista Dina, wata siririyar malamar jinya 'yar Vom da ke ƙarin karatu kan abincin yara. Ta ɗora Zahra a sikeli, ta duba wuyan, ta ce, "Mama, wannan ba datti ba ne. Alama ce jikinta ya fara gajiya da sukari. In aka bar shi, ciwon sukari zai iya kama ta tun ba ta girma ba."

Ta yi bayani a hankali. A cikin hanjin kowane mutum, in ji ta, akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, suna taya shi narkar da abinci. Masana sun fara zargin cewa na mai ƙiba sun bambanta da na marar ƙiba, kuma abin da ake ci yana sauya su, ko da yake ba a gama tabbatarwa ba. Abin da aka tabbatar shi ne rage lemo da suya, ƙara wake da kabeji da gwaten acca da nono ba sukari, da tafiya makaranta da ƙafa. Sai ta miƙo wata 'yar kwalba, ta rubuta sunan Zahra a jiki, ta ce a kawo ɗan bayan gidan yarinyar yanzu, a sake kawowa bayan wata uku, don a ga ko halittun sun sauya.

Iya ta dubi kwalbar ta dubi Dina. Mace da ke binne farcenta, ita za a ce ta ɗauki kashin jikarta, da cikakken suna rubuce a jiki, ta danƙa wa baƙuwa? Ai boka ma iyakar abin da yake nema ke nan. Ga shi matar 'yar Vom ce, garin asibitin dabbobi inda ake kai shanu marasa lafiya.

"Jikata dai ba saniya ba ce," in ji Iya.

Dina ta yi dariya ta ce ta sani. Dariyar ma ba ta yi wa Iya ba. A hanya ta yi ta jujjuya maganar, har ta gano wa kanta bakin zaren: batun halittun hanji yaudara ce, wani ya kai musu labarin Binta, ciwon uwar suke nema a jikin 'yar. Kuma wace irin likita ce za ta ce a ramar da yaro da gangan? Tana isa gida ta jefa kwalbar a masai, ta ƙara wa Zahra masa biyu.

Bayan mako uku aka dawo da Zahra daga Islamiyya a riƙe. Jiri ya kwashe ta a matakala, ta fasa leɓe. Washegari da hantsi sai ga Dina a ƙofar gida da lema a hannu, ta ce ta ji shiru ne ta biyo sawu. Iya ta ba ta tabarma don kunya, ba don so ba, ta tura Zahra ɗaki, sannan ta sauke murya.

"Ke 'yar nan, ki faɗa mini tsakaninki da Allah. Wa ya aiko ki? Maimunatu ce?"

"Ban san wata Maimunatu ba, Mama."

"To ciwon uwarta kuke nema a kashin."

Dina ta ajiye lemar. Ta tambaye ta wane ciwo, Iya kuwa, wadda shekara bakwai ba ta furta sunan ciwon ba, ta ji bakinta ya faɗa. Ta ba da labarin Binta, da zoben, da maganar ranar makoki. Tana yi tana jin haushin kanta, don ga ta tana zazzage cikinta gaban matar da ta fi zargi.

"Mama, ba a ganin wannan ciwo a kashi," in ji Dina. "A jini ake gani. Kuma ƙiba ba ta nuna mutum ba shi da shi. In tana da shi, akwai magani yanzu, gara a sani. In ba ta da shi, kina kashe ta da abinci saboda ciwon da babu."

Maganar ta yi wa Iya zafi ƙwarai, ta ce ta tashi ta ba ta wuri. Kwana huɗu tana toya masa tana ƙonawa. A na biyar ta saka mayafi, ta ja Zahra zuwa wani asibiti can gefen gari inda ba mai saninsu, don ko a nan ba ta yarda Dina ta ga sakamakon kafin ita ba. Aka ɗebi jini, aka ce su jira. Ta zauna a benci riƙe da damtsen yarinyar, tana matsawa ba ta sani ba, har Zahra ta ce, "Iya, da zafi." Da aka kira su aka ce babu komai, sai ta ce a sake. Aka sake, aka ce babu. Ta karɓi takardar ta ninke ta ƙulle a bakin zane.

Farin ciki a wurin Iya hanya ɗaya ya sani. Suna komawa ta hura wuta, ta tuƙa tuwon shinkafa, ta cika kwanon Binta har murfi ya ƙi rufuwa, ta ajiye gaban Zahra. Yarinyar ta ci kamar kashi ɗaya cikin uku, ta tsaya, ta ɗago kai.

"Iya, tunda an ce ba ni da ciwon Umma, zan iya bari?"

Iya ba ta taɓa gaya mata abin da aka je gwadawa ba.

"Wa ya faɗa miki wannan magana?"

"Kowa ya sani a layi. Kullum a nan nake ƙoshi," ta nuna inda ta tsaya a kwanon. "Ina cinyewa ne saboda in na rage kina zuwa bayan ɗaki kina kuka."

Iya ta daɗe tana kallon tuwon da ya rage. Duk tsawon shekarun nan tana gadin yarinyar daga maƙwabta da bokaye da malaman asibiti, ashe yarinyar ce ke lallaɓa ta, loma bayan loma. Ta miƙa hannu ta janye kwanon, ta kira kazarta ta juye mata sauran.

"Gobe da ƙafa za ki makaranta, ni zan raka ki," ta ce, tana goge ido da bakin mayafi. "In mun dawo mu biya wurin 'yar Vom ɗin nan ta ba mu wata kwalbar. Amma ki gaya mata kada ta rubuta suna a jiki."