Asiya Mai Katin Biki

Asiya ba ta taɓa zaton za ta ci abinci da kwamfuta ba. A wani ƙauye kusa da Gezawa aka haife ta, ta gama sakandare, ta auri Mati, manomin gero da gyaɗa, suka haifi 'ya'ya huɗu. Da yayanta Tahir ya sami sabuwar kwamfuta a wurin aiki, sai ya aiko mata da tsohuwar haɗe da firinta, ko za ta yi mata amfani. Da kanta ta koya, yau ta ɓata, gobe ta gyara. Kafin shekara ta zagayo, katin biki da na suna da na saukar Alƙur'ani a ƙauyukan nan duk daga ɗakinta suke fitowa. Mati ya ɗora mata sola a kan rufi.

Sai dai kwamfutar akwai nawa. Asiya takan danna, ta tashi ta ɗora tukunya, ta dawo ta tarar shafin bai gama buɗewa ba. Mati ya raɗa mata suna Hajiya Sannu-a-hankali.

Wata kaka, bukukuwa sun taso aiki ya yi yawa, Ummi ƙanwar Mati ta zo gida. Ita malamar kwamfuta ce a wata makaranta a Ungogo. Ta zauna ta duba, ta ce, "Yaya Asiya, ba tsufa ke damunta ba. Memorinta, wato ƙwaƙwalwarta, kamar faifai ne, an jibga masa kaya har babu wurin sheƙa."

Ta sauke wata ƙaramar manhaja, ta nuna mata jerin abubuwan da ke aiki a ɓoye, waɗanda Asiya ba ta ma san da su ba. Ta danna maɓalli guda, manhajar ta rufe su. Nan take hoton furen kati, wanda a da ke ɗaukar minti biyar kafin ya buɗe, ya fito.

Asiya ta ce, "Wannan a ina ake sayenta?"

"Kyauta ce. Wasu mutane ne suka haɗa ta, suka sake wa duniya."

"Haka kawai? To Allah ya saka musu, ko a ina suke."

Daɗi ya sa ta riƙa danna maɓallin ko da dalili ko babu. Ran nan Malam Uwaisu, limamin unguwa, ya zauna a zaure yana karanto mata sunayen dangi na katin auren 'yarsa, har suna talatin da biyu. Ba ta adana ba ta danna, manhajar ta rufe har da katin. Ta fito ta durƙusa ta faɗa masa gaskiya.

Malam ya yi murmushi. "Alhamdulillahi. Yanzu na tuna ban sa kawun amarya ba. Da katin nan ya fita haka, da sai na je Bagwai ban haƙuri. Mu sake daga farko."

Tun daga ranar, sai ta adana aiki kafin ta taɓa komai. A kakar nan ta buga katin aure goma sha tara. Yanzu duk ranar Alhamis da hantsi mata uku na maƙwabta suna zuwa ɗakinta koyon bugu, kuma ɗaya daga cikinsu, Hure, har ta fara fin ta sauri.